Batirin da Ba a Gaya wa Mota Ba

Shekaranjiya ina zaune a bakin gareji na ji wasu samari biyu suna gardama a kan sana'ar da ta fi kowace sauƙi a garin Daura. Ɗaya ya ce sayar da katin waya. Ɗayan ya ce a'a, canza batirin mota: noti biyu ne, ka kwance, ka ɗaure, ka karkaɗe hannu. Ban tanka musu ba, don shayina yana hucewa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda haka bari in ba ku labarin noti biyun nan, ku da su da duk wanda yake ganin in ya sayi sifana mai lamba goma ya zama rewaya, wato mai gyaran wutar mota. Sunana Haruna. Na shekara arba'in da ɗoriya ina wasa da wayoyin mota, kuma a kan noti biyun nan saura ƙiris in kori mutumin kirki daga garin nan, shi da matarsa da 'ya'yansa huɗu.

Aikin farko da aka bari na yi da hannuna, kan batirin wata akori-kura ne mai ɗauko gyaɗa daga Baure. Ruwan batir ya cinye kan, saura ɗan tsinke. Maigidana Malam Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa, ya miƙo mini guntun dalma da gwangwanin madara, ya nuna mini garwashi, ya tafi masallaci. Na narka dalmar, na kafa guntun bututu a kan tsohon kan, na zuba. Sau uku yana fitowa a karkace. A na huɗu ya tsaya, ni kuma na sami tabon da ke bayan hannuna har yau. Da Malam ya dawo ya kama kan ya girgiza, bai motsa ba, sai ya ce, "To." Shekara biyu ina share masa gareji kafin in sami wannan "to" ɗin.

Kayan aikinmu a lokacin ba su cika jakar hannu ba: sifana goma, filaya, sukudireba, da ƙwan fitila da aka jona wa waya biyu. Ƙwan nan shi ne likitanmu. Ka taɓa waya, in ya kama akwai wuta, in bai kama ba ka bi wayar har ka ga inda ɓera ya ci. In ana so a san ko batir na da rai, a goga waya a kawunansa a ga tartsatsi. In ana so a san ko altaneta na aiki, wato abin da ke mayar wa batir wuta in inji na tafiya, sai a tayar da mota a zare kan batir, in ba ta mutu ba lafiya lau. Kada in ji waninku ya yi wa motar zamani haka, ƙwaƙwalwarta zai ƙona. In kuma sabon batir za a saya, ɗani ake yi: ka auna ramin da tafin hannu, ka je shago ka ce a ba ka mai wannan tsawon. In ya shiga rami, kawuna suka dace, an gama. Motocin wancan zamanin ba sa tambaya. Ko batirin janareta ka ɗora musu za su tashi su kai ka Katsina.

Masu motocin ma haka suke, ba ruwansu. Na san wani malamin makaranta da ya shekara biyu ba shi da batir mai rai. Kullum da safe sai ya aro na maƙwabcinsa, ya tayar da mota, ya zare shi inji na aiki, ya mayar da nasa mataccen, ya kama hanya. In ya isa makaranta ya nemi gangara ya faka. Duk garin an san inda yake ajiye mota, kuma babu mai tare masa wurin. A cikin irin waɗannan mutane da irin waɗannan motoci na girma, na yi suna, har na fara furfura ina ganin babu abin da ya rage mini in koya.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da garin nan. Babu mai karanta rubutun jikin kwali. Mai mota bai san batir mai kyau da marar kyau ba, rewayansa yake tambaya, "Wajen wa zan saya?" Duk sunan da ya fito daga bakinka, can za shi. Shagon da rewaya biyu suka yaba ya sami abinci. Wanda rewaya ɗaya ya yi wa tsaki a gaban direbobin tasha, sai dai mai shi ya koma sayar da man birki. Bakinmu shi ne hatimi. Mun san da haka, kuma muna jin daɗin abin.

Ni sunan da ke fita daga bakina shekara ashirin da wani abu shi ne Oke. Okechukwu sunansa, Ibo ne mai shagon kayan mota kusa da tasha. Ya zo Daura yana saurayi, ya je gida ya auro mata ya kawo ta, a nan aka haifi 'ya'yansa duka, kuma Hausarsa ta fi ta wasunku da ke cakuɗa ta da Turanci. Yana da wani hali da ke ba ni haushi, wato tambaya. Ka ce a ba ka fiyus, sai ya ce na nawa, na ina, me ya ƙona na farkon. Ni kuwa mutum ne da ba na son a yi mini tambaya a kan aikina. Duk da haka ban taɓa kama shi da jabu ba. In kaya na hannu ne zai ce maka na hannu ne, ko ba ka tambaya ba.

Motar da ta jawo abin nan ta Alhaji Iro ce, falken shanu, mutumin da in ya yi raɗa a Kusugu ana jin sa a tasha. Ya sayo wata baƙar mota 'yar Jamus, tokumbo, doguwa mai kujerun fata. Ta yi kamar shekara a hannunsa, sannan wata safiya ta ƙi tashi. Aka kira ni ƙofar gidansa. Na buɗe bonet da isa, na leƙa dama, na leƙa hagu, babu batir. Baƙar roba ce ta rufe ko'ina. Na ɗaga wannan, na ɗaga wancan, Alhaji na tsaye a kaina da carbi.

"Malam Haruna, ko an sace ne?"

"Ba a sace ba, Alhaji. Wani abu nake dubawa daban."

Sai da na zagaya motar sau biyu ina yi kamar tayoyi nake dubawa, sannan na tuna na taɓa jin direbobi na cewa Jamusawa a but, wurin zuba kaya na baya, suke ɓoye shi. Can na same shi ƙarƙashin kafet: ƙato, baƙi, a shafe, babu murfin zuba ruwa ko ɗaya. A jikin ɗaya daga cikin kawunan akwai wani ɗan akwati kamar kwalin ashana, da siririyar waya. Na dube shi na ce ƙyale-ƙyalen Turawa ne. Jikin batirin cike yake da rubutu da lambobi, ban karanta ba. Na yi ɗanina, na ciro shi na ajiye a ƙasa, kafin in rufe jaka wani ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke wucewa ya daidaita da Alhaji ya ɗora shi a baro ya yi gaba.

Na hau babur sai shagon Oke.

"Oke, ba ni batir, ɗani ɗaya da rabi."

"Na wace mota?"

"Ta Alhaji Iro."

"Waccan baƙar? Oga Haruna, kawo tsohon in ga rubutun jikinsa. Irin motocin nan na ji ana cewa suna da tsirfa."

"Ɗan gwangwan ya tafi da shi. Kai dai ba ni. Tun kana firamare a garinku nake ɗaura batir."

Mai tsawon da na faɗa babu shi a shagon, na ce ya ba ni na kusa da shi. Ya ɗaga kafaɗa, ya sauko mini da mai ruwa, sabo fil a leda, irin wanda muke sa wa kowace mota. Ya shiga rami har da sauran fili a gefe, na cusa guntun katako don kada ya yi rawa. Alhaji ya danna maɓalli, mota ta tashi, ya ce hannuna na da albarka. Ni ma na yarda da shi.

Wata huɗu ta yi. Ranar kasuwar Mai'aduwa da tsakar rana Alhaji ya gama ciniki, ya shiga mota ya danna, sai ƙas-ƙas. Ya tara majiya ƙarfi, masu kora shanu da masu lodi, suka yi ta tura ta daga bakin kara har titi, su dawo da ita, su sake. Babu wanda ya gaya musu otomatik ba ta tashi da turi. Da na iso na tarar da ƙarti fiye da goma zaune a inuwa suna haki suna hararar motar. Na buɗe but, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni. Batirin ya kumbura, gefensa ya yi ciki, ruwansa ya ƙafe rabi.

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa a matsayina na mai sana'a. A lokacin na waye, ina da mita. Na jona wani batir na tayar da motar, na ɗora mita: tana caji, har ma da ƙari a kan abin da na saba gani. Maimakon in tsaya in ce me ya sa take ɗura masa wuta haka, sai na ce madalla, altaneta garau, ta ma fi ta sauran motoci ƙarfi. Tunda altaneta lafiya, hannuna kuma ba ya kuskure, saura wa? Na ɗauki mataccen na kai wa Oke. Ya jujjuya shi, ya shinshina, ya ce wannan dafa shi aka yi. Na ce shi dai ya san inda yake samo kayansa. Bai ja da ni ba, ya sauko da wani sabo ya ba ni.

Na biyun wata uku ya yi, don bazara ta shigo. Ya mutu a hanyar Baure, Alhaji ya ɗauko manyan baƙi za su ɗaurin aure, kowa cikin babbar riga, aka ƙarasa da su a bayan motar itace. Washegari da la'asar ya same ni a majalisar bakin tasha, inda direbobi da kanikawa ke zama a gindin darbejiya. Wurin a cike yake. Bai zauna ba.

"Malam Haruna, a gaban jama'a nake tambayar ka. Hannunka ne, ko batirin Oke? Ɗaya ne cikin biyu."

Kowa ya zuba mini ido. Amsar gaskiya ita ce ban sani ba. Amma rewaya mai furfura bai saba cewa bai sani ba a gaban direbobi. Na gyara zama na ce, "Alhaji, ni dai ba na son ɓata mutum. Amma batiran Oke na yanzu ba kamar na da ba ne."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma a hankali na faɗe shi. Kafin sati ya zagayo maganar ta dawo kunnena ta yi ƙiba. Wai Oke tsofaffin batira yake saya wajen 'yan gwangwan, ya wanke, ya yi musu fenti, ya sa a leda. Wani direban hanyar Kano ya rantse ya ga gwangwanin fentin da idonsa. Wanda batirinsa ya shekara uku ya mutu don tsufa, shi ma ya tuna wajen Oke ya saya. Direbobin tasha suka ɗauke ƙafa. Daga batir abin ya koma kan fulogi, ya koma kan fambel. In na wuce ta gaban shagon sai in gan shi zaune a benci shi kaɗai yana goge kwalaye da tsumma. Yakan ɗaga mini hannu. Nakan ɗaga masa, in ƙara wa babur mai.

Alhaji ya ce ya gama da kayan Daura. Da kansa ya je Kano ya sayo na uku a wani babban shago mai gilashi, shi ma mai ruwa, ya kawo na ɗaura. Wata huɗu da 'yan kwanaki aka jawo motar da igiya zuwa garejina. Tun kafin in buɗe but na ji warin.

Wannan kam ba batirin Oke ba ne. Ina tsaye a bayan motar na gane abin da na yi wa mutumin nan, kuma har yanzu ban san abin da ke damun motar ba. Na ce wa Alhaji ya bar ta zan bincika. Kwana tara tana gareji. Na bi wayoyi da ƙwan fitilata tun daga but har gaba, na kwance altaneta na wanke na mayar, ban ga komai ba. Ban je wurin Oke ba, ban kuma koma majalisa na gyara magana ba. Shiru na yi ina fatan abin ya wuce da kansa.

Rana ta goma da hantsi wata adaidaita ta tsaya a ƙofar gareji. Oke ya fito, ya sauke wani baƙin batir a shafe, irin na farkon sak, da wata 'yar jaka.

"Oga Haruna, ina kwana. Na ji motar tana nan."

"Tana nan."

"Ba ni makulli."

Ashe batiran nan biyu da suka mutu na mayar masa, bai zubar ba. Ya ɗauke su har Kano wurin dilan da ke ba shi kaya, ya dire masa su a gaba, ya ce a gaya masa gaskiya in jabu ake ba shi. Dilan ya tambaye shi wace mota ce, ya faɗa, sai mutumin ya yi dariya ya haɗa shi da wani mai gyaran motocin Jamus da kwamfuta. Kwana uku Oke ya yi a garejin mutumin yana kallo, yana tambayoyin nan nasa masu ba ni haushi. Ya sayo na'urar da ake aikin da ita, ga ta a jaka, ba ta fi wayar hannu girma da yawa ba.

Muka ɗaura baƙin batirin. Ya cika ramin cif, babu buƙatar katako. Oke ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ya laluba wani soket da na daɗe ina gani a motoci ban san amfaninsa ba, ya jona. Ya kunna motar ba tare da ya tayar da inji ba. Ya latsa nan, ya latsa can, ya juyo mini da allon.

"Karanta."

"Karanta mini, ban zo da tabarau ba."

Tabarau na aljihuna, Turancin ne ba ni da shi. Ya karanta yana fassara mini. A wurin motar, batirin da ke cikinta har yanzu shi ne wanda aka ɗaura mata a Turai shekaru da suka wuce: babba, busasshe marar ruwan zubawa, tsoho tukuf. Ɗan akwatin nan da na kira ƙyale-ƙyale shi ke auna wutar da ke shiga da wadda ke fita, yana kai wa ƙwaƙwalwar mota rahoto. Ita kuma tana sane da shekarun batirinta da girmansa da irinsa, kuma da haka take yanke yawan cajin da za ta ba shi. Tsohon batir sai an matsa masa, don haka take matsawa. Ni na sa mata ƙarami, sabo, mai ruwa, ban gaya mata ba, ita kuwa ta ci gaba da ɗura masa abin da take ɗura wa wancan, a rufe a but, cikin zafin Daura. Sau uku tana dafa batir a gabana ina yabon altaneta.

Gaya matan kuwa bai kai minti biyar ba. Ka shiga wurin batir a na'urar, ka zaɓi an canza, ka sa girmansa yadda aka rubuta a jikinsa, ka sa irinsa, mai ruwa ko busasshe, in motar ta nemi lambar jikinsa ka ba ta, ka danna. Shi ake kira rajistar batir. Allon ya nuna ta karɓa. Muka tayar, na ɗora mita, lamba ta sauko ta zauna inda ya kamata.

Oke ya naɗe wayar, ya mayar da na'urar a jaka, ya miƙo mini.

"Riƙe. Kai za ta yi wa amfani."

"Kai fa?"

"Ni Kirsimetin nan in na tafi gida ba na jin zan dawo. Madam ta fara nema wa yara makaranta a can." Ya goge hannu da tsumma. "Ba sai ka gaya wa kowa ba. Ka ce wa Alhaji kai ka gano. Ni dai so nake in tabbatar ban cuci mutanen garin nan ba, kuma na tabbatar."

Ya hau adaidaitarsa ya tafi. Da zagi na ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da majalisa ta fi cika, na tuƙo motar Alhaji da kaina na faka a gindin darbejiya, na aika aka kira mai ita. Na tsaya a daidai inda ya tsaya rannan.

"Jama'a, a nan na ce batiran Oke ba kamar na da ba ne. Ƙarya na yi. Ban san abin da ke damun motar ba, na ji kunyar in ce ban sani ba, sai na ɗora masa. Batirinsa lafiya lau. Motar ce sai an gaya mata an canza mata batir, ni kuwa ban gaya mata ba, don ban san ana yi ba. Oke ne ya je Kano ya koyo, ya zo ya nuna mini."

Sai wani direba ya ce, "Malam Haruna, da wane yare ake gaya matan?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ce ko sai an yi mata sallama tukuna, wani ya ce a tambaye ta ko tana shan shayi. Na bari suka gama, na fito da na'urar na nuna musu. Alhaji Iro ne ya fara ganewa, da yake mai dabbobi ne.

"Wato an kwance tsohon bijimi an ɗaure maraƙi a turkensa, mai zuba dusa bai sani ba, yana ta zuba masa ta bijimi har cikinsa ya kumbura."

"Haka ne, Alhaji."

"To ai kai ka ɗaure maraƙin."

"Ni ne."

"Kuma ka bar ni ina yawo da sunan bawan Allah a bakina har Mai'aduwa."

Ya karɓi makullinsa, ya juya mota, bai yi nisa ba ya tsaya a ƙofar shagon Oke ya shiga. Sun daɗe a ciki, kuma duk kasa kunnen da majalisa ta yi ba mu jiyo komai ba.

Na ɗauka na gama, ashe da saura. Maganar fenti da ƙafarta ta je Baure da Zango da Sandamu, babu wanda ya ɗauke ta. Gyaran kuwa sai da na goya shi a babur. Duk ranar kasuwa in je tashar garin, in nemi teburin mai shayi, in jira a taru, in sake faɗin abin da na faɗa a Daura, a sake yi mini dariyar. Direban nan da ya ga gwangwanin fenti da idonsa, da na tsare shi cewa ya yi shi ma ji ya yi. Wasu sun koma shagon Oke. Wasu har yau ba su koma ba, in ka tambaye su dalili ma ba za su iya tunawa ba.

Ni kuwa tun daga Juma'ar nan kasuwata ta faɗi, kuma ta shekara ba ta tashi ba. Duk mai motar zamani ya ɗauke ta daga hannuna, Katsina suke kaiwa ko Kano. Aka bar ni da akori-kura da babura. Aka laƙaba mini suna Gaya-wa-Mota, har yau akwai direbobin da ba su san sunana na yanka ba. A shekarar na zauna na koyi na'urar nan kalma-kalma, 'yata ta fari da ke koyarwa a firamare tana rubuta mini fassara a bayan kwalin fulogi. Na koyi cewa ba kowace mota ke son rajista ba, wasu da kansu suke ganewa, wasu kuma ko batir iri ɗaya ka mayar musu sai ka gaya musu. Na koyi jona wa mota 'yar wuta kafin in cire tsohon, don kada ta manta agogonta da gilasanta. Na daina ɗani. Wadda ta fara dawo mini da motar zamani wata Hajiya ce ma'aikaciyar jinya, an canza mata batir a bakin titi, tun daga ranar rediyo da iskar esi ke ɗaukewa da kansu, don motar na zaton batirinta ya tsufa tana tattalin wuta. Na jona, na latsa, na ce an gama. Ta ce, "Shi ke nan? Ashe aikin ba wuya." Na ce haka ne, Hajiya.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan jiran da na yi bayan Kirsimeti. Oke ya rufe shago ya tafi da iyalinsa kaf. Bai ce mini zai dawo ba, ni kuma ban sami fuskar tambaya ba. Satin farko na sabuwar shekara sauran 'yan'uwansa masu shaguna suka dawo suka buɗe. Nasa kwaɗo biyu a ƙofa. Sati na biyu haka, na uku haka. Na mayar da gaban tasha hanyar zuwa gareji, alhali zagaye ne. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba, kada ya zama na kori mutum daga garin da ya haifi 'ya'yansa a ciki don kawai na kasa cewa ban sani ba.

Wata Talata na shawo kwana na ga ƙofa a buɗe, ana sauke kwalaye daga mota, shi yana tsaye yana nuna inda za a ajiye. Daga baya na ji Madam ce ta ƙi tahowa, sai da ya sha fama da ita. Na kashe babur na gaishe shi, ya amsa, muka yi maganar hanya da lafiyar mutanen gida kamar jiya muka rabu. Ban san yadda ake ba da haƙuri a tsaye a bakin titi ba, sai na ce ina son batir na wata mota da ke gareji, na miƙa masa lambobin a takarda. Ya karanta, ya shiga ciki, ya fito da shi ya ɗora a kanta. Na kama hannun batirin zan ɗauka, sai na ji bai saki ba.

"Oga Haruna, wannan mai kyau ne. In ya mutu, ka fara zuwa wurina kafin ka je majalisa."

Sannan ya saki. Shekara shida ke nan. Ya zo sunan jikana, na je bikin 'yarsa, muna cin abinci a kwano ɗaya in ta kama. Amma bai taɓa miƙo mini batir ba tare da ya faɗi wannan maganar ba, ni kuma ban taɓa ce masa ya isa haka ba.